Liyari mai 1780 ko fatakar 1913, wanne ya fi daraja?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan kaka. Kin ce kin tarar da tsofaffin kuɗi iri biyu a kayanta, manya masu hoton mace da shekarar 1780, da ƙanana masu bishiyar kwakwar manja na 1913 zuwa 1919, kina tambayar wanne ya fi tsada.

Manyan su ne liyari, kuɗin Sarauniya Mariya Tiriza ta Ostiriya, wanda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi har Borno da Kano. Kada shekarar ta ruɗe ki. 1780 ita ce shekarar da sarauniyar ta rasu, kuma tun daga nan duk wanda aka buga ita ake sa masa. An buga shi a Biyana, babban birnin Ostiriya, an buga a Roma, Landan, Paris da Bombay, har gobe ana bugawa a Biyana. Ɗaruruwan miliyoyi ne a duniya. Saboda haka mafi yawansa da nauyi ake sayensa: giram 28 da 'yan kai, azurfa zalla a ciki giram 23 da kusan rabi. Ki san farashin giram ɗin azurfa na ranar, ki ninka, kin san ƙasan kuɗinsa. Bugun farko-farko yana da tsada, amma sai gwani ke gane shi ta ƙananan alamomi.

Ƙananan kuwa na hukumar kuɗin Afirka ta Yamma ne da Turawan Ingila suka kafa a 1912, masu hoton Sarki Joji na biyar. Fataka, wato sule biyu, giram 11.3 ce, sule kuma rabin haka. Azurfarsu ta fi ta liyari kyau, kashi 92.5 cikin ɗari, ta liyari 83.3. Kuma shekararsu ba ta ƙarya, wadda aka rubuta ita ce ta bugun. A 1920 aka rage azurfar zuwa rabi, sannan aka koma tagulla mai ruwan ɗorawa, shi ya sa na azurfar ba su daɗe ana buga su ba, ga shi maƙera sun narke da yawa sun yi zobba da mundaye. Masu tarawa suna duba shekara, da ɗan harafin H na masana'antar Heaton ta Bamingam idan akwai, da yadda ganyen bishiyar da gemun sarkin suka rage ba su suɗe ba.

A ma'auni liyari ɗaya ya fi fataka biyu azurfa, to in duk sun suɗe shi ne gaba. Amma fatakar da ba ta sha hannu ba tana iya wuce shi a wajen mai tarawa, kuma ita nake jin ciwon a narke, don ba za a sake buga ta ba.

Don Allah kada ki goge su da toka ko lemon tsami, baƙin nan na tsufa masu saye suna son sa. Wanda aka huda ko aka liƙa wa kunne don ado, kamar yadda matan Fulani ke sawa a kitso, kuɗin azurfarsa kawai za ki samu. Ki gwada su da maganaɗisu, azurfa ba ta kamawa, sannan ki kai wa masu sayar da zinariya su auna miki kowanne daban kafin ki ji tayin kowa.