Zagayen Mont Blanc da ƙafa: ƙarshen Yuni, tsakiyar Agusta ko farkon Satumba?

Ɗan'uwa, ka ce hutun mako biyu za a ba ka a wurin aiki, kuma lokaci uku aka ce ka zaɓi ɗaya: ƙarshen Yuni, tsakiyar Agusta, ko makonni biyun farko na Satumba. Kana son zagaye dutsen Mont Blanc da ƙafa, daga gida za ka taso, kuma ba ka taɓa taka dusar ƙanƙara a kan gangare ba. Ni dai Satumba zan ce maka. Amma bari in jera maka su, don kowanne da abin da yake ba ka da abin da yake karɓa a hannunka.

Hanyar tana da tsawon kilomita 170 ko kusa da haka. Yawanci daga Les Houches ake tashi, kusa da Chamonix a Faransa, a tsallaka Italiya ta Courmayeur, a shiga Suwizalan ta La Fouly da Champex, a dawo inda aka faro cikin kwana 10 ko 11. In aka tara hawan da ke cikinta zai kai mita 10,000. Ƙolin dutsen ba ya cikin lissafinka, kewaya shi za ka yi. Abin da ke yanke maka lokacin tafiya shi ne mashigan da ake tsallakawa tsakanin kwari da kwari: Col de la Seigne a kan iyakar Faransa da Italiya, mita 2,516, Grand Col Ferret tsakanin Italiya da Suwizalan, mita 2,537, sai Col des Fours da Fenêtre d'Arpette, kowanne mita 2,665, ga wanda ya zaɓi bi ta kansu. Duk sun fi Chappal Waddi na Taraba tsawo, wanda shi ne dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419. Shi kuwa garin Chamonix mita 1,035 ne, bai ma kai Jos ba. Shi ya sa yanayin gari yake yaudara. Duk mita dubu da ka hau, zafi na raguwa da digiri shida da ɗoriya, ga iska kuma. Sai ka bar gari da ƙaramar riga kana gumi, ka isa mashigi hannunka ya ƙi kama zif.

Mu fara da Yuni, don shi ne ya fi ruɗin ido. Hotunan da ke jan mutane galibi na lokacin ne: ciyawa shar, furanni ja a gefen hanya, ƙoramu cike, saman duwatsu fari fat. Masaukan kan dutse suna buɗewa wajen tsakiyar watan, mutane ba su yi yawa ba, rana kuma doguwa ce, tana fitowa kafin ƙarfe shida ta faɗi wajen tara da rabi na dare. Matsalar ita ce farin nan da ke yi wa hoto kyau yana kwance a kan hanyarka. Dusar hunturu ba ta gama narkewa a mashigai ba, musamman gefen da ke fuskantar arewa. Da sassafe tana da tauri kamar siminti mai santsi, in ka zame babu abin da zai tare ka sai duwatsun ƙasa. Da rana kuma ta yi laushi, ƙafa ta riƙa nutsewa har gwiwa, tafiyar awa ɗaya ta zama ta biyu. Wanda ya fi haɗari shi ne inda dusa ta rufe ƙorama: ruwa yana cinye ta daga ƙasa, sama kuwa sumul, ba ka san rami ba ne sai ka burma. Alamomin fenti da ke nuna hanya su ma suna ƙarƙashinta, sai bin sawun wani, shi kuma wanin ba ka san ko ya ɓata ba.

Masu zuwa a lokacin suna ɗaura wa takalmi ƙarafa masu haƙora, wasu har da ɗan gatarin ƙanƙara. Sayen su ba wuya, iya aiki da su ne magana. Na taɓa juyawa daga gindin Col des Fours a irin wannan lokaci, na bi doguwar hanya ta Les Chapieux, kuma har yau ban yi nadama ba. Ga shi yawan dusar ba ya daidaita tsakanin shekara da shekara, ba za ka san abin da ke jiranka ba sai saura makonni kaɗan, alhali tikitin jirgi da kuɗin masauki ka riga ka biya.

Akwai kuma maganar salla, wadda littattafan Turawa ba za su gaya maka ba. A ƙarshen Yuni Magariba sai wajen tara da rabi, Isha'i tsakanin sha ɗaya da sha biyu gwargwadon lissafin da ka bi, Asuba kuma tun ƙarfe uku ko huɗu. A masauki kuwa ƙarfe bakwai ake cin abinci, ƙarfe goma a kashe fitila, kuna kwance ku da yawa a ɗaki ɗaya. Ko da rangwamen matafiyi na haɗa Magariba da Isha'i, barcinka a gutsure yake, kuma gobe hawan mita dubu na jiranka. A farkon Satumba rana na fitowa wajen bakwai ta faɗi wajen takwas, komai ya dawo kusa da yadda jikinka ya saba.

Agusta kuwa hanya a buɗe take tas. Babu dusa, duk masaukai na aiki, motocin da ke kai mutane cikin kwari da motocin igiya, masu rataye da ke hawa da mutane kan dutse, duk suna zirga-zirga, in gwiwa ta gaza akwai inda za ka yanke. Abin da yake karɓa a hannunka abu biyu ne. Na farko jama'a. Makarantun Faransa suna hutu daga farkon Yuli har ƙarshen Agusta, ranar 15 ga wata kuma hutu ce a Faransa da Italiya, su Italiyawa Ferragosto suke ce mata, kusan kowa ya rufe shago ya nufi teku ko dutse. Tsakanin masaukin Bertone da na Bonatti sai ka ɗauka ranar kasuwa ce. A tsanin ƙarfen da ke sama da Tré-le-Champ layi ake yi. Gadajen masaukai kuma tun kakar shekarar da ta wuce ake fara kama su, na Agusta su ne farkon ƙarewa. Kada ka ce za ka kafa tanti duk inda dare ya yi maka: a ɓangaren Italiya doka ba ta yarda ba sai sama da mita 2,500, Suwizalan ma ba sa wasa da wannan.

Na biyu hadari. Wannan kai ka fi Bature saninsa. Rana ta gasa kwari da safe, iska mai ɗumi ta hau sama, kafin La'asar gajimare ya taru ya yi baƙi, sai tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara. Bambancin kawai a gida kana da zaure ko rumfar da za ka fake, a kan mashigi kuwa kai ne abu mafi tsawo, riƙe da sandunan dogarawa biyu na ƙarfe. Maganinsa sammako: da sanyin safiya ake kama fara. Ka tsallake mashigi kafin Azahar, ka kasance kana gangara lokacin da sama ta fara haɗuwa. Zafin da suke kuka da shi kuwa, mutumin da ya san watan Afrilu a Sakkwato ba zai dame shi ba, sai dai ranar can sama tana ƙona fata ba tare da ka ji ba, har mu baƙaƙe.

In hutunka ya gangara zuwa makon ƙarshe na Agusta, ka sani lokacin ne ake gasar gudu ta UTMB, wadda aka fara a 2003. A kan wannan hanyar taka ake yin ta, abin da za ka yi a kwana goma gwanayensu suna gama shi cikin awa ashirin. Kallo ne mai daɗi, amma Chamonix cika take yi maƙil, kuɗin ɗaki ya hau, kai kuma ka yini kana rakuɓewa kana ba masu gudu hanya.

To, da an watse daga gasar, yara sun koma makaranta, sai Satumba ta shigo. Ƙasa ba ta da sauran dusa, hadarin yamma ya ragu saboda rana ta rage ƙarfi, iska ta washe har kana ganin kowane tsagi a jikin dutsen Grandes Jorasses daga kwarin Ferret. Furanni sun wuce, ciyawa ta fara ja, wannan kam ka yi asararsa. Sanyin asuba yana iya daskarar da raɓa, don haka safar hannu da hular sanyi da riga mai kauri dole ne. Kuma sabuwar dusa kan iya sauka a mashigai ko a wannan watan, sai dai yawanci siririya ce, kwana ɗaya ko biyu ta narke, ba irin ta Yuni mai wata shida a kwance ba. Ka bar kwana ɗaya a jadawalinka wanda ba ka tsara komai a cikinsa ba, saboda irin wannan.

Inda Satumba ke cizo shi ne ƙarshenta. Daga tsakiyar wata masaukai ke fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, wasu motoci da motocin igiya ma tun kafin nan suke rage aiki. Saboda haka ka tashi daga Les Houches a kwanakin farko na watan, ka gama kafin 15. In ka jinkirta mako guda, lissafin ya canza gaba ɗaya.

Da a ce za su ba ka mako na biyu da na uku na Yuli, da shi zan sa a matsayi na biyu, don dusa ta kusa ƙarewa kuma furanni na nan. Cikin ukun da ke hannunka kuwa, Satumba, sai Agusta in ka samu gadaje, Yuni a ƙarshe.

Satumba tana kuma ba ka sararin neman biza. Ƙasashen uku duk biza ɗaya ce ta Schengen, a hannun hukumomin Faransa za ka nema tunda a can za ka fi kwana, kuma ana karɓar takardu tun saura wata shida, wato daga Maris. Inshorar da za ka saya ka duba ta ƙunshi ceto da jirgi mai saukar ungulu, don a Suwizalan biya ake yi. Sannan wajen kama gado ka rubuta musu cewa ba ka cin nama, domin abincin yankin da wuya a raba shi da alade, kuma a kan dutse abin da aka dafa wa kowa shi za a ajiye a gabanka.