Torent da saukewa kai tsaye: wanne ke gajiyar da rautar gida?

Assalamu alaikum. Wani ɗan uwa ya kawo kukan cewa tun da ƙaninsa ya fara sauke abubuwa da torent a kwamfuta, WiFi ɗin gidansu ya rikice. Kiran WhatsApp na yankewa, shafuka na ƙin buɗewa, wani sa'in sai an kashe rauta, wato na'urar da ke raba WiFi ɗin, an kunna kafin ta dawo hayyacinta. Alhali shi ya sauke fayil mai giga 4 daga Google Drive, ba wanda ya ce uffan. Tambayarsa ita ce: rautar ce ta tsufa, ya sayo wata?

Malam, dakata da sayen tukuna. Girman fayil ba shi ne abin dubawa ba, yadda fayil ɗin ke shigowa gidan ne ya bambanta.

Idan kana saukewa kai tsaye, daga Google Drive ko YouTube ko wani shafi, kwamfutarka da wuri guda take magana. Haɗi ɗaya ne ko 'yan ƙalilan, kaya na zuwa ta hanya ɗaya, in sun ƙare a rufe. Torent ba haka yake ba. Tsarin BitTorrent, wanda Bram Cohen ya fitar a 2001, yana yanyanka fayil gunduwa-gunduwa, ka karɓi wannan yanki daga wani a Indiya, wancan daga wani a Brazil, kai ma a lokaci guda kana miƙa wa wasu abin da ka riga ka samu. Kamar buhu ɗari ne za a kawo maka daga Dawanau. Na farko tirela ɗaya ce ta ɗauko su. Na biyu Keke Napep ɗari ne, kowanne da buhu guda, kuma dole maigadi ya rubuta lambar kowa a littafi kafin ya shiga.

Wannan rubutun shi ne aikin rauta na yau da kullum. Duk wayoyi da kwamfutocin gidanku da adireshi guda suke fita intanet, don haka tilas rauta ta riƙe lissafin wane haɗi ne na wace waya, domin in amsa ta dawo ta san wa za ta miƙa wa. Lissafin yana zaune ne a 'yar ƙwaƙwalwarta, kuma ta rauta mai araha ko MiFi ba ta taka kara ta karya ba. Manhajar sauke torent ta qBittorrent, yadda take zuwa kafin a taɓa saitinta, tana yarda da haɗi har 500 gaba ɗaya, 100 ga kowane torent. Ban da wannan, tana ta aika ƙananan saƙonni ga kwamfutoci barkatai tana neman masu fayil ɗin, kowane saƙo kuma sai ya ci gurbi. Abin haushin ma, haɗin da ya katse ba sallama yakan daɗe a lissafin. A saitin Linux na asali, wanda yawancin rautoci ke gudana a kansa, yana iya kwana 5, ko da yake masu ƙera rauta da dama suna rage wa'adin. Idan gurbi ya ƙare, alamar a fili take: bidiyon da ka riga ka kunna yana ci gaba, amma sabon shafi ya ƙi buɗewa. Ka kashe ka kunna, lissafin ya goge, komai ya daidaita, bayan ɗan lokaci a koma gidan jiya.

Amma a ganina babban mai laifin shi ne turawa, wato aika data daga kwamfutarka zuwa waje, kuma shi mutane suka fi mantawa da shi. Mai saukewa kai tsaye kusan ba ya tura komai sai 'yan saƙonnin da kwamfuta ke mayarwa cewa wannan yankin ya iso, a turo na gaba. Shi kuwa torent turawa na cikin jininsa, domin an gina shi ne a kan ba ni in ba ka. Layukan gida kuma, musamman na 4G, ƙarfin turawarsu bai kai na saukewa ba. Da zarar torent ya cika wannan siririyar hanyar, komai sai ya bi layi a bayansa: muryarka a kiran WhatsApp, danna shafin da ka yi, har da waɗancan saƙonnin na cewa kaya sun iso. Su kuwa in suka makara, mai aiko maka sai ya rage gudu, kenan saukewar ma ta ja baya. Shi ya sa za ka ji ana cewa "ina jin ka amma kai ba ka ji na". Sababbin manhajoji suna da wani tsari mai suna uTP da ke ja da baya in ya ga layi ya cunkushe, sai dai ba kowane haɗi ke bi ta kansa ba.

Kana iya gani da idonka. Buɗe cmd, wato wurin rubuta umarni a Windows, ka rubuta ping 8.8.8.8 -t, ka lura da lambar da ke gaban time, wadda ke nuna tsawon lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. Sai ka ce ƙanin naka ya kunna torent ɗin. In ta tashi daga gomomi ta koma ɗaruruwa ko dubbai, turawa ce ta toshe.

Ga batun data kuma. Fayil mai giga 4 kai tsaye, giga 4 ne da ɗan abin da ba a rasa ba. A torent, bayan ya kai kashi 100 ba ya tsayawa, sai ya rubuta Seeding ya ci gaba da rarraba wa duniya, kamfanin layinka kuwa abin da ya fita ma lissafa shi yake yi. In ya tura daidai abin da ya karɓa, giga 8 sun tafi. A bar kwamfuta a kunne ta kwana, da safe a yi ta zargin kamfani da cin data.

Kada a ɗauka torent ba shi da rana. Inda wuta ke ɗaukewa ko sabis ke yankewa, ya fi saukewa kai tsaye nesa ba kusa ba, domin daga inda ya tsaya yake ɗorawa, kuma yana tantance kowane yanki, ba zai ba ka lalataccen fayil bayan awa uku ba. Masu manhajar kwamfuta ta Ubuntu da rumbun ajiya na intanet mai suna Internet Archive duk suna raba kayansu ta torent a halatce. Finafinan sata da manhajojin da aka fasa kuwa wani zance ne daban, ga haƙƙin masu shi, ga ƙwayoyin cutar kwamfuta da ake cusawa a ciki. Xender kuma a cire shi daga wannan shari'ar: waya da waya ne kai tsaye, ba ya bi ta intanet.

Yawancin gyaran a cikin saitin manhajar torent ɗin yake. Fara da iyakance turawa zuwa kamar kashi 70 na ƙarfin layinka. A kula da lissafin, don gwajin gudu da megabit yake nunawa, manhajar kuwa da kilobait: in turawarka 5 Mbps ce, wajen kilobait 625 kenan a sakan, sai ka sa 400 ko 450. Kada ka matse ta gaba ɗaya, saukewarka ma za ta ragu. Sannan ka rage haɗi daga 500 zuwa 100, na kowane torent zuwa 30 ko 40, ka hana fiye da torent ɗaya ko biyu gudana tare, ka sa ya tsaya da kansa in ya kammala. In da hali a jona kwamfutar da kebul, a bar wa wayoyi WiFi. Buɗe tasha a rauta (port forwarding, wato buɗe wa na waje ƙofar iso ga kwamfutarka) da ake ba da shawara a bidiyoyin ƙasashen waje, a yawancin layukan waya ba ya aiki, tunda kamfani ya haɗa kwastomomi da yawa a adireshi ɗaya.

A duba Windows ma. Tun daga Windows 10 tana iya rarraba sabuntawarta ga wasu kwamfutoci da irin wannan salon, kuma ana kashe shi a sashen Delivery Optimization. In bayan duk wannan rautar na ci gaba da sumewa ko da torent a rufe, musamman in tana zafi kamar dutsen guga, to a nan ne maganar sayen sabuwa ta taso, kuma ka nemi mai tsarin SQM ko QoS, wanda ke ba kira da buɗe shafi fifiko a kan manyan fayiloli.