Lambun makarantar yaranmu a Kumasi: abin da ya yi kyau da abin da ya rage

Salamu alaikum iyaye 'yan uwana. Mata da yawa a unguwa suna ta tambayata a kan shirin lambu da makarantar firamaren yarana take yi, wai ya cancanci 'yan sidin da ake ƙarawa a kan kuɗin tam ko kuwa wata hanya ce dai ta tatsar iyaye, to bari in faɗi abin da na gani da idona. Ba zan kama sunan makarantar ba, tana nan wajen Asawase, kuma ni dai amsata ita ce ya cancanta, amma akwai gyara kuma zan faɗe shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a mai da aikin horo ba. Duk wanda ya yi sukul a Gana ya san yadda ake yi, ka makara a miƙo maka adda ka je ka sare ciyawa cikin rana, ka yi surutu a aji a ce ka share fili, shi ya sa da yawanmu muka tashi muna ganin taɓa ƙasa wulaƙanci ne. A nan kuwa madam ɗin da ke kula da lambun ta hana wannan kwata-kwata, yaron da ya yi laifi ma shi ake hanawa shiga lambu ranar, kuma wallahi sai ka ga yaro yana kuka a kan an hana shi ban ruwa. Kowane aji da kwaminsa, an rubuta sunan ajin a jikin katako an kafa.

Filin ba wani babba ba ne, kun san yadda Zango take, gida a kan gida. Sai suka yi dabara da tsofaffin tayoyi da buhunan shinkafa da bokitan da suka fashe, aka cika su da ƙasa da taki aka jera a jikin katanga. Ledar piya wata da yara ke sha su yar, ita ake tsincewa a yanke bakin a huda ƙasan a raini iri a ciki. Na tsaya na kalli 'yata 'yar aji 4 tana jiƙa irin ayoyo a ruwan zafi na ɗan lokaci kafin ta shuka, na ce ke dafa shi za ki yi ne, ta ce a'a Mma, ɓawonsa ne ke da tauri, in ba a yi haka ba ba ya tsirowa da wuri. Haka ne kuwa, cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki suka fara yanka, ta kawo min ɗauri guda muka yi miyar tuwon zafi da shi, ranar ba wanda ya isa ya bar loma a kwano don tana tsaye a kanmu. Suna da alefu da kuɓewa da tumatir da yalo da barkono, ga kontomire, wato ganyen gwaza, a lungun da ruwa ke taruwa, ga zogale a bakin get.

Taki ma su suke haɗa abinsu. Ɓawon ayaba da na doya da ragowar ganye daga wajen masu dafa abincin makaranta, a shimfiɗa, a zuba busasshen ganye a kai, a yayyafa ruwa, ana juyawa, bayan wata 2 zuwa 3 ya zama baƙar ƙasa mai laushi ba wari. An koya musu ba a sa nama ko mai a ciki don kada ɓeraye su zo. Maganin ƙwari kuma ganyen dogon yaro suke dakawa su jiƙa su fesa, ba sa ba yara maganin kanti su taɓa, wannan ya kwantar min da hankali sosai.

Ɓangaren karatun muhalli shi ma ba laifi. Ticansu ba ya tsayawa a kan abin da ke littafi, yana kawo musu na gida. Ya gaya musu ruwan famfon Kumasi daga dam ɗin Barekese da Owabi yake zuwa, Barekese kuma a kan kogin Offin yake, kogin da galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ya ɓata wasu sassansa ya koma ruwan laka. Ya nuna musu rafin Aboabo yadda leda ta cika shi, ya ce ledar da kuka jefa a kwata ita ce take toshe hanya in an yi ruwan Yuni ya shigo mana ɗaki. Yanzu ɗana ƙarami in ya ga an zuba bola a kwata sai ya yi magana, har da manya, sai da na koya masa yadda zai faɗa da ladabi. Sun kuma dasa bishiyoyi a ranar Green Ghana, wadda gwamnati ta fara a 2021 da burin dasa miliyan 5 a rana ɗaya, mangwaro biyu daga cikin nasu sun rayu har sun fi yaran tsawo.

To ga inda nake da ƙorafi. Na farko ruwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu in hunturu ya kama, famfo yana yi yana ɗaukewa, ga makarantar ba ta da politanki na lambun, sai ka ga yara ƙanana suna ɗauko galan daga nesa. Rufin kwanon ajujuwan nan ruwan sama nawa yake zubarwa a banza a damina, ai da an sa indararo da tanki an huta. Na biyu hutu. Hutun ƙarshen shekara da aka yi ba wanda aka bar wa lambun, aka dawo tumatir duk ya ƙone, awakin unguwa sun shiga ta inda waya ta yage sun cinye kuɓewar, yaran suka dawo suka tarar da kango, gaskiya abin ya taɓa ni don na san wahalar da suka sha. Sannan kayan aiki sun yi kaɗan, fartanya ɗaya yara biyar suna jira, kuma na lura mata ake yawan turawa ɗibar ruwa maza su yi haƙa da shuka, wannan ban yarda da shi ba, kowa ya yi kowanne.

Na kai maganar mitin ɗin PTA, hedimasta ya saurara bai yi fushi ba, an ce za a yi karo-karo a sayi tanki kafin damina, mu kuma iyayen da ke kusa mun ce za mu raba kwanakin hutu muna leƙawa muna ban ruwa. 'Yar uwa in za ki sa ɗanki a makarantar da ke cewa tana da irin wannan shiri, kada ki tsaya a ofis, ki ce a kai ki lambun ki gani, ki tambaya da wane ruwa suke ban ruwa don kada ya zama na kwata, kuma wa ke riƙe makullin wurin in an tafi hutu.