Tayar A/T a kan Prado, daga kwaltar Jidda zuwa duwatsun harra

Motata guda ce, Prado. Ita ke kai ni aiki Jidda daga Makka, ita kuma ke shiga jeji da mu Juma'a da Asabar in an nufi wajen raƙuma ko ramin Wahba, wani ƙaton rami da aman wuta ya bari. Tayoyin da ta zo da su na kwalta ne, H/T, ba su da ƙara ko kaɗan, amma baƙaƙen duwatsun harra, wato filayen dutsen aman wuta, ba sa raga musu. Gefe suke yanka, kuma taya in ta tsage a gefe, mai banshar, wato mai gyaran taya, zai girgiza kai ne kawai ya ce, "Alhaji, nan ba ya ɗaukar faci."

Shi ya sa na koma A/T, tayar da ke bin kwalta da jeji duka, ban canja girma ba, 265/65R17. A kan dutse wallahi na samu abin da nake nema. Robar gefen ta fi kauri, haƙoran sun sauko har kafaɗar tayar, na bi hanyoyin da a da sai na sauka na duba kafin in wuce, na dawo ba ko tsaga.

A kwalta akwai abin da za ka haƙura da shi. Da gudu ya kai kilomita 100 za ka fara jin gunji ƙasa-ƙasa, mai ma ya ɗan ƙaru saboda nauyinta. Ranar da ruwa ya same ni ina gangarowa daga Ɗa'ifa ta hanyar Hada, na ji birki yana son a ba shi tazara fiye da yadda na saba. Mai bin wannan hanyar da iyali ya riƙe wannan da kyau.

Yashi kuwa, kada kowa ya ruɗe ka da manyan haƙora. Abin da ke fid da mota daga rairayi shi ne rage iska zuwa 15 ko 18 a ma'aunin PSI, tayar ta baje. Amma kafin ka hau kwalta dole ka mayar da iskar, don taya mai ƙarancin iska a zafin da ke haura digiri 45 zafi take tarawa har ta fashe. Ƙaramin injin iska ba ya barin bayan motata.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutanenmu ke kallon zanen taya su manta da shekarunta. A wani shago an yi mini ragi mai daɗi, na duƙa na goge gefen tayar da yatsa, lambobi huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT da ke jikinta suka nuna ta daɗe a ajiye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 1424 na nufin mako na 14 a 2024. Ka duba harafin gudu ma, wato iyakar gudun da tayar ke ɗauka: Q kilomita 160 ne a awa, S 180, T 190.

Mai shagon ya so in ɗauki LT, tayar ƙananan motocin kaya, mai harafin E, mai ƙarfin ɗaukar kaya. Wannan ta masu shas ce, wato Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, da ke jigilar tankin ruwa da ciyawa; a Prado marar kaya kowane rami sai ka ji shi a ƙugu. Ƙanena da ke zirga-zirga da fasinja tsakanin Makka da Madina ya ga nawa ya ce shi ma zai saka, na ce masa a'a, motarsa ba ta sauka daga kwalta, ya nemi H/T sabuwar fita mai harafin A a wajen jure zafi.