Gargaɗi kan masu sayar da waraka a kofin ayawaska

Jama'a, akwai wani talla da ke yawo a Instagram da TikTok da YouTube, kuma ya fi bin wanda ya taɓa neman bayani a wayarsa kan ciwon damuwa ko hanyar rabuwa da ƙwaya. Za ka ga daji kore shar, da wata zagayayyiyar rumfar ciyawa, da Turawa sanye da fararen kaya suna rungumar juna suna hawaye. A ƙasa an rubuta cewa dare ɗaya a wurin ya fi shekara goma ta zarya gun likitan ƙwaƙwalwa. Kuɗin mako guda daga dala dubu ɗaya ne zuwa dubbai, ban da kuɗin jirgi. 'Yan'uwanmu da ke zaune Amurka da Turai su ne suka fi kusa da wannan tarko, domin yanzu ba sai an je Kudancin Amurka ba, a gidajen haya na bayan gari ma ana shirya zaman a ɓoye.

Abin da ake shayarwa sunansa ayawaska. Jiƙo ne mai ɗaci, launin ƙasa-ƙasa, wanda ake dafawa sa'o'i da yawa daga wata kurangar dajin Amazon da ganyen wani tsiro da mutanen wurin ke kira cakuruna. Ganyen na ɗauke da sinadarin DMT mai sa gane-gane. In an sha shi shi kaɗai ciki kan lalata shi, sai kurangar ta toshe wannan aikin na ciki, ya samu ya kai ƙwaƙwalwa. Mutum kan yi awa huɗu zuwa shida yana amai, wani da gudawa, yana ganin abin da babu shi, ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa.

Ƙabilun Amazon irin su Shipibo sun daɗe da shi a al'adarsu, kuma a 2008 gwamnatin Peru ta ayyana shi cikin kayan gadon ƙasa. Wannan nasu ne, ba su nake magana a kai ba. Ina magana ne kan kasuwar da ta tsiro a kansu, wadda cibiyarta ita ce Ikitos, birnin da babu titin mota da ya haɗa shi da sauran ƙasar, sai jirgin sama ko na ruwa. A can babu wata hukuma da ke ba boka lasisi ko ta karɓe. Wanda ya sayi fili a bakin daji, ya kafa rumfa, ya ɗauko mai waƙa da kayan ado na gashin tsuntsu, ya buɗe shafi a intanet, ya zama mai “cibiyar waraka”. Da yawa daga cikin masu wuraren ma baƙi ne daga Amurka da Turai, ɗan ƙasa ɗan ƙwadago ne kawai. Jiƙon kuwa a kasuwar Belen da ke Ikitos ana sayar da shi a gorar roba, ba wanda ya san me ke ciki sai wanda ya dafa.

A nan ne ya kamata Bahaushe ya buɗe kunne. Baƙon da ya biya dala dubu biyu yana son ya ga wani abu, in bai gani ba zai rubuta cewa an cuce shi. Don haka wasu masu dafawa kan ƙara wani fure da suke kira towe. Towe ɗan'uwan zaƙami ne, dangi ɗaya, guba ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin yaron da aka zuba wa haukata-yaro a zoɓo ranar biki ya san abin da nake nufi: ido ya buɗe, maƙogwaro ya bushe, zuciya na dukan uku-uku, yana magana da bango, washegari bai tuna komai ba. A 2014 wani ɗan Birtaniya mai shekara 19 ya sha irin wannan jiƙo kusa da garin Mokowa a Kolombiya. Da jikinsa ya rikice aka ɗora shi a babur, ya cika a hanya, aka yar da gawarsa a bakin titi. Binciken da aka kammala a Ingila a 2018 ya ce ayawaska ce da sinadarin hayosin suka kashe shi, wato sinadarin nan da ke cikin zaƙami.

Kafin shi, a 2012, wani ɗan Kalifoniya mai shekara 18 ya je wata cibiya kusa da Puerto Maldonado a Peru. Bai dawo ba. Mahaifiyarsa ta tashi takanas ta je nemansa, bokan ya dube ta ya ce yaron ya kama gabansa da ƙafarsa. Daga baya ne ya amsa wa 'yan sanda cewa yaron ya mutu bayan ya sha, shi kuma ya binne shi a ɓoye don kada sunan cibiyar ya ɓaci.

Kada a ce wannan sai a daji inda asibiti ke da nisa. A birnin Orlando na jihar Fulorida, wata ƙungiya mai suna Soul Quest da ta yi rajista a matsayin coci ta kasance tana karɓar kuɗi tana shayar da mutane a ƙarshen mako. A 2018 wani matashi mai shekara 22 ya sha ayawaska a wurin, aka kuma yi masa kambo. Kambo gubar fatar wani kwaɗon Amazon ce: a ƙona fatar mutum ɗigo-ɗigo da tsinke mai wuta, a shafa gubar a kan ƙunar, bayan an ɗura masa ruwa mai yawa don ya yi amai. Ruwan ya tsinka gishirin jininsa, ya shiga jijjiga, aka ɓata sa'o'i kafin a kira motar asibiti. Ya rasu. A 2024 kotu ta yanke wa iyalansa diyyar dala miliyan 15. A Ostireliya ma an rasa rayuka ta wannan hanya a 2019 da 2021, hukumar magunguna ta ƙasar kuma ta sanya kambo cikin gubar da aka haramta a 2021.

Abin da ya haɗa waɗannan mace-mace ba ƙarfin ganye ba ne kaɗai. Jinkiri ne. Kuma jinkirin ba hatsari ba ne, daga cikin koyarwar yake fitowa. Tun daren farko ana gaya wa mahalarta cewa amai datti ne ke fita, kuka tsohon ciwo ne ke warwarewa, firgita kuwa taurin kai ne ke karyewa. Wanda ya ji sauƙi, magani ya yi aiki. Wanda ya ƙara rikicewa, magani yana kan aiki, ya ƙara kofi. Wanda bai ji komai ba, shi ne ya ƙi sakin jiki, ya biya wani mako. To a gaya mini wace ƙofa aka bari da mai saye zai ce kayan nan ba su da kyau? Babu. Kuma mutumin da ya yarda cewa shure-shure alamar waraka ce, in ya ga wani yana shure-shuren mutuwa, waƙa zai ƙara masa da hayaƙin taba. Shi ma mai wurin ya san kiran 'yan sanda ko motar asibiti tonon asirin kasuwarsa ne.

Sai maganar magani, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali. Wanda ake yi wa tallan mai ciwon damuwa ne, kuma mai ciwon damuwa sau da yawa yana kan ƙwayar asibiti irin su fluoxetine ko sertraline ko amitriptyline. Waɗannan ba sa haɗuwa da kurangar ayawaska. In suka haɗu jiki kan ɗau zafi, tsoka ta sanƙare, a shiga jijjiga, har a rasa rai. Tramol ma haka, wannan kuwa mun san yawan masu shan sa a cikinmu. Masu cibiyoyin sun san da haka, shi ya sa za su turo maka saƙo cewa ka daina shan maganinka makonni kafin ka zo. Wa ya ce? Wata ma'aikaciyar karɓar baƙi da ba ta taɓa ganin fuskarka ba. Yanke irin wannan magani farat ɗaya kan dawo da ciwon da ƙarfi, har da tunanin kashe kai. Ka ci gaba da sha akwai haɗari, ka daina ba da sanin likitanka ba akwai haɗari, su dai kafin alƙalaminsu ya riga ya shiga, kuma an rubuta ba a mayarwa. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, da wanda akwai taɓin hankali a danginsu, duk bai kamata su kusanci abin ba. Tantancewar da ake yi musu fom ne a intanet da mutum ke cikewa da kansa, ga shi yana ɗokin a karɓe shi.

Mata, naku ya fi. Mace ce ita kaɗai a ƙasar da ba ta jin yarenta, cikin dare, a buge, ba ta iya tsayuwa, ga mutumin da aka ce mata yana ganin abin da ke cikin ranta. Sai ya ce ciwonta na musamman ne, ta biyo shi bukkarsa a yi mata wankan fure ko a hura mata hayaƙi a jiki. Ƙorafin fyaɗe da lalube ya yi yawan da a 2019 cibiyar Chacruna, wadda ita kanta mai goyon bayan waɗannan tsirrai ce, ta fitar da takardar jan kunne ga mata, tana gaya musu cewa babu wata al'ada da ta ce sai boka ya kwana da majinyaciya kafin ta warke. A farkon 2025 ofishin jakadancin Amurka a Lima ya fito ƙarara ya ce 'yan ƙasarsa kada su sha ayawaska ko su yi kambo, ya ambaci mace-mace da cin zarafi da fashi.

Iyayen da shaye-shayen ɗa ya hana barci kuwa, nasu tallan daban ne: iboga. Saiwar wani tsiro ce daga Gabon da kudancin Kamaru, mabiya addinin Bwiti ke amfani da ita wajen shigar da mutum cikinsu. Daga ita ake tace ibogen, wanda asibitocin kuɗi a Meziko da Kosta Rika ke tallarsa da cewa sha ɗaya yana yanke jarabar ƙwaya. Akwai alamun yana rage azabar kwanakin farko na barin heroin da danginta, ban musa ba. Amma yana rikita bugun zuciya, kuma rikicewar kan iya zuwa ko bayan kwana ɗaya ko biyu. Wani bincike da aka buga a 2012 ya tattaro mutum 19 da suka mutu bayan shansa tsakanin 1990 da 2008, mafi yawansu masu wani ciwon a ɓoye ko wata ƙwayar a jini. Duk wanda ya ce zai aiko maka da garin iboga ta waya ka ba yaro a ɗaki, ba gwajin zuciya ba na'ura, yana sayar maka da abin da ka iya zama ajalinsa. Mun ga inda irin wannan gajiyar ta iyaye take kaiwa. A Satumban 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa, kuma da yawansu danginsu ne suka kai su da hannunsu suna biyan kuɗi.

Za su ce maka kimiyya ta tabbatar. Ga abin da ke akwai. A birnin Natal na Brazil an gwada ayawaska a kan masu ciwon damuwar da ya ƙi jin magani, aka buga sakamakon a 2019, kuma waɗanda suka sha sun fi jin sauƙi. Mutum 29 ne, a cikin asibiti, bayan an tace su an cire duk mai haɗari, kuma ma'aunin da aka kafa hujja da shi na mako guda ne. Ostireliya ta ba wasu zaɓaɓɓun likitocin ƙwaƙwalwa damar ba da sinadarin wani naman kaza tun Yulin 2023, a ƙarƙashin sharuɗɗa masu tsauri. A Agustan 2024 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da ƙwayar MDMA, wadda ake kira ecstasy, a matsayin maganin firgicin bayan bala'i, ta ce a sake gwaji. Wato masana na tafiya a hankali, suna auna kowane miligiram. Mai rumfa a daji ya ɗauki sunan bincikensu ya manna a kan tukunyar da shi kansa bai san ƙarfinta ba.

Shaidun da kuke gani a bidiyo ma a lura da lokacin da aka ɗauke su. Ranar sallama ce, mutum bai gama dawowa daidai ba, ga kyamara ga abokan zama suna tafi. Ba a komawa bayan wata shida a tambaye shi. Wanda ya koma gida ya kasa barci, ko aka kwantar da shi a asibitin ƙwaƙwalwa, ba ya cikin talla, kuma ya riga ya sa hannu a takardar cewa duk abin da ya same shi ruwansa. Wanda ya ji daɗi kuwa akwai mataki na gaba: ya kawo aboki a rage masa kuɗi, ko ya biya kwas na 'yan makonni a ba shi takardar zama jagora. Ta haka wanda ya zo neman lafiya bara yake riƙe da ludayi bana a wani gidan haya a Turai.

Maganar addini ban tsawaita ba, kowa ya san hukuncin abin da ke gusar da hankali, ya kuma san me ake nufi da zaman da ake kiran ruhin tsiro da waƙa. Sai dai a sani cewa sukan canza wa abin riga gwargwadon mai saye. In sun ga Musulmi ne sai su ce ai ganye ne, halittar Allah, ba ruwansa da addini.

Ta fuskar doka, DMT na cikin jerin farko na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 kan abubuwan sa maye, Faransa kuma tun 2005 ta haramta har tsirran da ake dafawa. Wanda ke zaman ƙasar waje da takardar zama, kwalba ɗaya a jaka ko a akwatin gidan waya ta isa ta jawo masa shari'a. Wanda ya riga ya tura kuɗi da katin banki, ya kira bankinsa yau ya shigar da ƙorafi, ya adana duk saƙonnin da suka yi alkawarin warkarwa, domin su ne hujjarsa. Wanda ya tura ta kirifto ko ta Western Union, da wuya ya sake ganinsu. In kuma an riga an sa wani naku ya ajiye ƙwayarsa ta asibiti don shirin tafiya, a mayar da shi wurin likitan da ya rubuta masa ita cikin makon nan, a gaya wa likitan ranar da ya daina sha.