Na kai ƙwayoyin nonon da nake bincike gaban injin MALDI-TOF, ga yadda muka kwashe

Tun da na dawo mutane ke tambayata a DM wai injin nan da na yi ta surutu a kansa, MALDI-TOF mai gano sunan ƙwayoyin bakteriya, yaya ya kasance, ya cancanci kuɗin da wahalar tafiyar ko a'a. To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, na gaji da voice note.

Aikin masters ɗina akan fura da nono ne, ina tattara samfur daga wajen masu tallan nono in shuka a faranti in ga irin ƙwayoyin da ke ciki, masu amfani da masu cutarwa. Duk wanda ya yi wannan aikin ya san inda kashin yake, shukawa ba ita ce matsala ba, gano sunan ƙwayar ne. Ka yi gwaje-gwajen Gram da katalas da oksidas, ka jera sukari kala-kala a kwalabe kana jiran launi ya canza, in kana da rabo ka samu sitirif ɗin API 20E mai jerin gwaje-gwaje a haɗe ka jira awa 18 zuwa 24, sannan Nepa ta ɗauke wuta inkubeta ta huce ka koma farko. Wata biyu ina wannan fama har hannuna ya ɗauki warin agar, abincin da ake shuka ƙwayoyin a kai, a gida ma ƙanwata cewa take ina warin lab. Malamina ne ya ce min wata rana, ke wannan hanyar ba za ta kai ki ba kafin a rufe shekara, akwai wani wuri da suke da MALDI-TOF, ki tara na kirki ki kai. Ba zan faɗi sunan wurin ba saboda akwai ƙorafi a gaba kuma mutanen sun min kirki daidai gwargwado.

Injin na kamfanin Bruker ne, ƙirar Jamus, MALDI Biotyper. Ɗayan da aka fi sani a asibitoci shi ne VITEK MS na bioMérieux na Faransa, dukkansu hukumar FDA ta Amurka ta amince da su a 2013. Ni dai da na shiga ɗakin na zaci zan ga wani abu mai cika ido, sai na ga akwati fari a kan benci da kwamfuta a gefe, sai ƙugin famfo da ke zuƙe iskar ciki. Shi ke nan.

Abin da ya fi ba ni dariya, kayan aikin farko tsinken sakace ne. Wallahi tsinken sakace. Antin da ke kula da injin ta miƙo min wani ƙaramin farantin ƙarfe mai da'irori 96, ta ce ki taɓa koloni ɗaya kawai, wato ɗigon ƙwayar da ya tsiro a faranti, da bakin tsinken ki shafa a cikin da'ira, kar ki cika. Ni kuwa da zuciyar Bahaushe, ai abu ya yi yawa ya fi ya yi kaɗan, na dambara kamar ina shafa man shanu a tuwo. Ta leƙo ta ce ƙanwata wannan ai kin yi masa gini, in kina iya ganinsa sosai da ido to ya yi yawa. Layin farko gaba ɗaya sai da muka sake. Bayan shafawar ana ɗiga mikrolita ɗaya na wani ruwa da suke kira matiris, sunan sinadarin HCCA, a bari ya bushe ya zama ɗan farin tabo, sai a tura farantin cikin inji.

Wannan matiris ɗin shi ne duk sirrin, kuma sai da na tsaya a gaban injin na fahimce shi duk da na haddace shi don jarabawa. Furotin abu ne babba kuma mara ƙwari, in ka harba masa leza kai tsaye farfashewa zai yi ka rasa me za ka auna. Kin san yadda ake suyar gyaɗa a cikin yashi, yashin ne ke ɗaukar zafin wuta ya miƙa wa gyaɗar a hankali ta soyu ba ta ƙone ba. Haka matiris yake, shi ke shanye hasken lezar, ya tashi ya zama hayaƙi ya ɗauko furotin ɗin tare da shi ɗungurungum, ya kuma manna masa caji. Shi ya sa ake ce wa hanyar mai laushi. Daga nan wutar lantarki ta ingiza su duka da ƙarfi iri ɗaya cikin wani bututu da babu iska, marasa nauyi su riga isa, masu nauyi su biyo baya, injin yana lissafa lokacin da kowanne ya ɗauka, abin duk bai kai ƙiftawar ido ba. Abin da ke fitowa a sikirin zane ne mai tsini-tsini tsakanin nauyin dalton 2,000 zuwa 20,000, yawancinsu furotin ɗin ribosom ne, wato sashen ƙwayar da ke ƙera furotin, kuma kowace ƙwaya da irin nata zanen. Kwamfuta sai ta kwatanta da waɗanda ke ajiye a rumbunta ta ce wannan wane ne.

Muna jiran faranti ya bushe Anti ta ba ni labarin Koichi Tanaka, injiniyan kamfanin Shimadzu a Kyoto, wanda kuskure ya yi ya zuba gilisarin a garin kobal maimakon asiton, ya ga zubarwa asara ce ya gwada a haka, abin kuma ya yi aiki. Ya samu Nobel na kimiyyar sinadarai a 2002 tare da John Fenn da Kurt Wüthrich, ko digirin dakta ba shi da shi a lokacin. Amma hanyar da ake amfani da ita yau a asibitoci ta Jamusawa biyu ce, Michael Karas da Franz Hillenkamp, su suka raɗa sunan MALDI tun 1985 kuma su ba a ba su Nobel ɗin ba. Ni dai na ji musu haushi, wani ya yi rawa ya samu kuɗi wani ya yi ya tashi a tutar babu.

To sakamako. Nan ne na yi shiru. Kolonin da na yi sati ina zagaye da shi da sukari, injin ya harba masa leza kamar minti ɗaya ya rubuto Lactococcus lactis da kore. Yana bayar da maki ne, 2.0 zuwa sama ka yarda da sunan har jinsi, tsakanin 1.7 da 1.99 dangin kawai za ka riƙe, ƙasa da 1.7 kuwa ja ne wato bai sani ba. Kafin la'asar na ga Leuconostoc mesenteroides, Enterococcus faecium, Klebsiella pneumoniae, Staphylococcus aureus, suna ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata da na rantse Lactobacillus ce har na rubuta a littafina da biro, ashe Weissella ce. Na ji kunya amma na ji daɗi. Ta wajen sauri gaskiya babu abin da zan ce, aikin wata ne aka yi a yini.

Amma ba duka ne suka fito kore ba, kuma yawancin jajayen laifina ne. Na ɗauko wasu faranti da suka yi kwanaki a firiji, injin kuwa sabon shuka yake so na kwana ɗaya, tsohon koloni zanensa dagulewa yake. Su yis da masu kaurin bango kuma sai an fara ɗiga musu fomik asid mai ƙarfin kashi 70 ya fasa bangon kafin matiris. Wasu kuma ashe ba tsarkakakku ba ne, ƙwaya biyu ce a haɗe, injin ya rikice ya ba ni suna biyu da maki mara kyau. Dole na kwana biyu a garin na sake shuka, kuɗin masauki ya ƙaru. Inda na ga laifin wurin shi ne babu wanda ya gaya min wannan a waya kafin in taso, na tambaya sau biyu me zan kawo aka ce min kawo kawai. Sannan ranar farko ma rabinta a zaune na yi ta saboda wanda ke riƙe da makullin ɗakin bai zo ba. Ga rumbun kwamfutarsu ba su sabunta shi ba, yana ta ba ni tsofaffin sunaye, alhali tun 2020 aka raba dangin Lactobacillus zuwa gida 25, plantarum ta koma Lactiplantibacillus plantarum, fermentum ta koma Limosilactobacillus fermentum. Da hannu na bi na gyara don Malam ba zai karɓi tsohon suna ba.

Sai babban abin da nake so 'yan'uwana masu aikin ruwa da abinci da zazzaɓi su sani kafin su kwashi kuɗinsu. Ina da koloni guda mara launi a kan farantin agar na MacConkey, wato bai ci laktos ba, sukarin madara ke nan, injin ya ce Escherichia coli da maki mai kyau kore shar. Na fara murna Anti ta ce tsaya, je ki duba farantinki. Wannan hanyar ba ta iya raba E. coli da Shigella mai kawo atini, ko injin wane kamfani ne, domin furotin ɗinsu kusan ɗaya ne, ko da Shigella ce E. coli zai ce miki. Kuma akwai E. coli ɗin da ba sa cin laktos, don haka launin ma bai yanke hukunci ba. Sai da na dawo gida na koma wa tsofaffin gwaje-gwajen da nake rainawa, na yi gwajin motsi da na laisin, tunda Shigella ba ta motsi, ta fito tana motsi, E. coli ce da gaske. Da ban lura da launin farantin ba da ban ma san akwai tambaya ba.

Haka Salmonella. Na samu koloni mai baƙin ido a farantin agar na XLD, injin ya ce Salmonella ya tsaya nan. Shin Typhi ce mai kawo taifot ko wata ce daga cikin dubban ire-irenta, ba ya faɗa, sai an nemo antisera, ruwan gwajin da ke bambance ire-iren, an gwada a gilashi. Mu kuwa a nan ai wannan ita ce tambayar, ƙasar da kowane zazzaɓi sai a yi Widal a ce taifot ne. Kuma ba ya gaya maka wane magani ne zai kashe ƙwayar, wannan sai ka shimfiɗa ƙwayar a farantin agar na Mueller-Hinton ka jera faya-fayan magani ka jira gobe kamar yadda aka saba. Na ji wani ɗan ajinmu yana cewa in aka kawo injin nan an gama da benci, na ce masa je ka tukuna.

Maganar kuɗi, kowane ɗigo ba shi da tsada in ka kwatanta da sitirif ɗin API ko tura samfur a karanta 16S, wato gwajin DNA ɗin ƙwayar, injin ne da kula da shi ke da tsada shi ya sa ba ko'ina ake da shi ba, kuma yana son wutar da ba ta yankewa saboda famfon nan. Ni abin da ya ci kuɗina mota ce da masauki da ƙanƙarar da na yi ta saya a hanya don kular samfur, direba yana ta tambayata Hajiya wai me ke cikin kular nan, na ce masa nono ne, kuma ban yi ƙarya ba.

In za ki je, ki je da kanki kar ki aika, ki sake shuka kwana ɗaya kafin ranar, kowane samfur a ɗiga shi sau biyu, ki ce a ba ki makin da suna na biyu da injin ya kawo ba sunan farko kaɗai ba, ki kuma tafi da hotunan farantanki a waya. Maki huɗu cikin biyar na ba shi. Zan koma bayan sallah da sauran yis ɗin da suka ƙi fitowa, wannan karon fomik asid ɗin ma da kaina zan ɗiga.