Majajjawar da wani dattijo mai igiya ya kitsa min a Agege

Jama'a wallahi ban taɓa zaton zan ga majajjawa a garin nan na Ikko ba, sai ranar Asabar da na shiga Agege neman igiyar ɗaure ragon suna, na tsaya rumfar wani dattijo Bakatsine can kusa da layin dogo, ina ɗaga kai sai ga su guda uku a rataye. Take na tuna gonar kakanmu in gero ya fara nuna, tun asuba muna bakin gona muna korar jan-baki.

Na ce Baba ta sayarwa ce? Ya ce ɗana waɗannan da masu su, in kana so zauna a kitsa maka taka. Sai da ya fara auna hannuna, wai in ta yi maka tsawo ba za ka iya saiti ba, in ta gajarce kuma dutse ba zai yi nisa ba. Sili uku na rama ya ɗauko dogaye, ya kitse tsakiyarsu kaɗan ya naɗe ya zama zoben da ake zura yatsa, kun ga silin sun koma shida kenan, ya maƙala a babban yatsan ƙafa ya ci gaba da kitso yana ja yana matsewa har ya kai tsakiya, nan ya raba gida biyu ya yi mazaunin dutse, ya sake haɗewa, daga nan yana rage sili har wutsiyar ta sirance ya ƙulle bakin. Wannan ƙullin shi kake saki in ka gama juyawa. Ba fata, ba ɗinki, ba gam. Yana yi yana ba ni labarin Annabi Dawuda da Jaluta, wanda kisan ya zo a aya ta 251 cikin Baƙara, masu tafsiri suka ce da majajjawa ne.

Na so ya yi min ta nailan don ta fi kyan gani, ya ce a'a, nailan santsi gare ta kuma tana miƙewa. Na dai matsa ya yi min ƙarama ɗaya, kuma maganarsa ta fito, da muka je bakin teku a Badagry ni da yarona dutse sai zamewa yake daga ta nailan ɗin, ita ko ta ramar riƙe shi take gam, in ka saki wutsiyar ta yi ƙara fau kamar bulala, ai wannan ƙarar ce ma ke tada tsuntsu a gona.

Sai dai ku tafi da tsabar kuɗi don Baba ba ya karɓar tiransifa, ba allo a rumfar sai an yi tambaya, kuma zaman ya kai awa ɗaya. Ita ramar ma ba ta shiri da danshin Legas, na bar tawa a bayan ƙofa sati biyu ta fara fumfuna sai da na shanya. Don Allah kar a ba yaro ya jefa dutse cikin unguwa, gidajenmu a manne suke ga gilasan motoci ga kawunan mutane, ni ƙwallon tanis na ba nawa.

Baba ya ce in kawo yaron Asabar mai zuwa bayan la'asar ya koya masa kitson, har na sayo masa ramar.